Layi na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Injiniya ta ɗora kwamfutarta a kan gwiwa, ta jingina da ƙofar kabad ɗin ƙarfe, ta sake buga umarnin a karo na uku. Lambar ba ta ragu ba, sai ma ɗan ƙaruwa da ta yi: dubu arba'in da ɗaya da ɗari shida da tara. Sanyin ɗakin injina ya riga ya kama mata yatsu, ga ƙugin fankoki ya cika kunne, har sai da Dogo, abokin aikinta, ya ɗaga murya kafin ta ji shi daga bakin ƙofa.

"Manaja na nemanki. Fuskar nan tasa kuwa ba ta gaisuwa ba ce."

"Ka ce masa ina zuwa."

"Ni? Ke dai ki zo ki faɗa masa da bakinki. Ina da iyali."

Kamfanin nasu ba wani babba ba ne. Manyan kwamfutoci ashirin da shida gare su, waɗanda ake kira saba, jere a wannan ɗaki mai sanyi, suna ba mutane hayar wuri a cikinsu. Akwai makarantu biyu, da kamfanin motocin haya, da masu sayar da kaya ta waya, sai kuma wani ɗakin gwajin jini da ke aika wa asibitoci sakamako. Da safiyar ranar, ƙarfe takwas da minti ashirin, memorin saba ta bakwai, wato wurin da ayyuka ke zama yayin da suke gudana, ya cika maƙil. Kanel, wato zuciyar tsarin da ke raba wa kowane aiki rabonsa, ta yi abin da aka gina ta ta yi in wuri ya ƙure: ta duba aikin da ya fi kowanne girma ta kashe shi. Aikin masu gwajin jini ne. Minti arba'in sakamako bai fita ba. Mutanen da suka zo tun asuba da cikinsu a wofi suna zaune a benci, wani likita kuma ya yi ta kiran waya yana neman sakamakon wata mata da za a shiga da ita tiyata.

Manaja bai ce mata ta zauna ba. Ya ce masu gwajin jinin sun faɗa masa a fili cewa in aka kuma, za su kwashe kayansu.

"Ba duk Asabar kawun naki ke kashe injinan nan ya kunna ba? Yau Alhamis. Kwana biyar ke nan. Ko dai bai yi ba?"

"Ya yi, yallaɓai. Na duba."

"To me ya faru?"

"Abin da a da ke ɗaukar kwana tara ya cika, yanzu kwana biyar yake ɗauka. Mun ƙara masu haya."

"Ƙarfe uku nake son jin dalili. Dalili fa, ba tarihi ba."

Matsalar tsohuwa ce, kowa a ofishin ya san ta kamar yadda aka san famfon banɗaki mai ɗiga. Memorin injinan yakan riƙa cika a hankali ba tare da an ga mai ci ba. Shekaru uku da suka wuce an taɓa zama a kanta na mako guda, ba a gano komai ba, sai aka yanke shawara mai sauƙi: duk Asabar a kwashe ayyukan kowace saba zuwa maƙwabciyarta, a kashe ta, a kunna, a mayar. Aikin yini guda ne cur, kuma Kawu aka ba.

Kawu yayan mahaifiyarta ne, amma duk ofishin haka suke kiransa, har Manaja. Shi ya fara ɗora yatsunta a kan madannai tana 'yar shekara goma sha biyu, a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗakinsa mai ƙugi kamar injin niƙa. Lokacin da aka kafa kamfanin, da hannunsa ya ja wayoyin ɗakin injina. Sai ido ya soma ba shi matsala. Ya ƙara girman rubutun allonsa, ya sake ƙarawa, har ya zamana kalma shida ke cika layi. Aka daina ba shi rubuta sabon abu, daga baya aka daina ba shi dubawa. Asabar ce ta rage masa, sauran kwanaki kuma yana zaune a teburinsa na lungu da filas ɗin shayinsa, yana amsa gaisuwa. Dogo na kiransa likitan kashe-kunna, shi kuma ya yi dariya ya ce ai maganin na ci.

Injiniya ta koma teburinta ta buɗe abin da ta kwaso daga saba ta bakwai. Yadda tsarin yake, duk aikin da aka tayar sai kanel ta sa shi a rukuninsa, ta yanka masa iyakar memorin da zai ci. In aikin ya ƙare, a rushe rukunin a mayar da wurin. Sai dai kanel ba ta yar da rukuni muddin wani na riƙe da shi. Kowane rukuni na da 'yar lamba mai nuna hannu nawa ke kansa, kuma sai lambar ta koma sifili ake share shi. Rukunai dubu arba'in da ɗayan nan duk ayyukansu sun ƙare tuntuni. An rushe su, ba sa cikin jerin da ake gani, amma suna nan kwance, kowanne ya danne ɗan wurinsa. Ta buɗe guda goma ta duba lambarsu. Ɗaya. Ta buɗe wasu hamsin. Ɗaya, ɗaya, ɗaya.

Hannu guda ne, kuma da alama hannun mutum guda.

Wajen sha biyu da rabi wayarta ta yi ƙara. Inna ce, mahaifiyarta.

"Kin tuna wa Yaya zancen asibitin ido? Ranar Litinin ce fa. In ba a tsaya a kansa ba, cewa zai yi ya manta."

"Zan tuna masa, Inna."

"Ya ci wani abu kuwa? Jiya matarsa ke ce min ko rabin kwano ba ya ci."

Injiniya ta waiga. Kawu na zaune a lungunsa, hannuwansa biyu a kan tebur, allonsa a kashe. Tun safe bai zuba shayi ba.

"Yana nan lafiya. Inna, aiki ya yi min yawa yau."

"Kullum haka kike cewa. To, a gaishe shi."

Ta bi sawun duk wani wuri da ke taɓa lambar riƙon, tana cire waɗanda ba su da laifi ɗaya bayan ɗaya. Na asalin kanel ɗin lafiyarsu ƙalau, dubban idanu sun bi ta kansu. Sai ta zo kan wani ɗan ƙari da kamfanin ya rubuta wa kansa shekaru da dama da suka wuce. Wanda ya rubuta ya daɗe da barin aiki, ko sunansa Dogo bai sani ba. Aikin ƙarin shi ne, in memori ya soma ƙaranci, ya zagaya rukunai ɗaya bayan ɗaya yana karɓo abin da ba sa amfani da shi.

Zagayen kansa an yi shi bisa ƙa'ida. Da yake ana iya rushe rukuni a kowane lokaci, ko da kana tsakiyar duba shi, dole ka riƙe shi kafin ka taka, ka kama na gaba kafin ka saki na baya. Haka aka rubuta. Amma a tsakiyar zagayen akwai wani layi da ke cewa: in abin da aka karɓo ya isa, a fita. Fita kawai. Rukunin da ke hannu a lokacin ba a sake shi ba. Duk fita guda, rukuni guda ya maƙale har abada, ko kuma har Asabar.

Ta zauna tana kallon layin. Ba ta ji wani daɗi na musamman ba, sai dai wuyanta da ya saki. Ƙarfe ɗaya da minti goma. Ta rubuta gyaran cikin minti biyar: a riƙa tuna rukunin ƙarshe da aka taɓa, in an zo ƙofar fita a sake shi. Ta ɗora a kan injin gwaji, ta tayar da ayyuka ɗari biyar ta kashe su. Matattun rukunai ba su taru ba.

Dokar ofishin ita ce ba a sa komai a kanel sai mutum na biyu ya duba. Dogo ya fita cin abinci, kuma fitar Dogo ba ta da ranar dawowa. Ta ɗauki kwamfutar ta nufi lungu, ta jawo kujera.

"Kawu, na same shi."

"Uwata," ya ce, don sunan kakarta aka sa mata, "madalla."

"Zagayen nan ne na karɓo memori. Yana fita bai saki na hannunsa ba. Bari in ƙara girman rubutun ka gani."

"Bar shi. Karanta min abin da kika sa."

Ta karanta. Ya saurara da ido a rufe, yana ɗan murza yatsa a gefen tebur.

"A ina kika sa sakin?"

"A ƙarshe, wajen fita."

"Ƙofar fita nawa ce?"

Ta sake duban allon.

"Biyu ce," ya ce. "In ya fita a tsakiya, to akwai rukuni a hannunsa, sakinki daidai ne. In kuma ya zagaye su duka har ƙarshe bai samu abin da ya isa ba, ya riga ya saki na ƙarshen da kansa. Ke kuma ki zo ki sake saki. Kin cire hannun da ba naki ba. Lambar ta koma sifili alhali aikin mutane na ciki yana gudana, kanel ta share wurin ta ba wani. Wannan ba cika a hankali ba ne, faɗuwa ce ta gaba ɗaya, kuma ba za ki san ranarta ba."

"A gwaji bai faɗi ba."

"Injin gwajinki ai a ƙoshe yake, kullum a tsakiya zai fita. Matse shi ki gani."

Ta rage wa injin gwajin memori, ta sake tayar da ayyukan. Ba a yi minti biyu ba allon ya cika da rubutun mutuwa, injin ya sandare. Da ƙarfe uku take shirin ce wa Manaja a sa wannan a saba ashirin da shida.

"Ki cire shi daga ƙarshe," Kawu ya ce. "Ki kai shi daidai wurin fitar tsakiya, kafin layi na ɗari biyu da sha huɗu. Kuma ki kula da uwar rukunan, ta can sama. Ita ba a riƙe ta tun farko, don haka ba a sakinta."

Ta gangara da allon. Layi na ɗari biyu da sha huɗu. Fitar tana nan daidai inda ya ce.

Ta ɗaga kai ta dube shi. Allonsa a kashe yake, nata kuma rubutunsa ƙanana ne, ko da ya manna fuskarsa ba zai iya karantawa ba. Ba ta kuma faɗa masa lambar layi ba.

"Kawu."

Ya jawo aljihun tebur, ya ɗaga wani tsohon littafin waya, ya zaro takarda mai ninki huɗu ya ajiye a gabanta. Shafi uku ne da aka buga da manyan haruffa. An zagaye layi guda da jan biro, an kuma rubuta gyaran a gefe da rubutunsa mai karkata, har da zancen uwar rukunai. A ƙasan shafin injin bugawa ya sa kwanan wata. Wata takwas ke nan.

"Asabar tana da tsawo," ya ce. "Kowace saba minti goma sha biyar take ɗauka kafin ta tashi. Mutum na zaune, sai ya riƙa karance-karance. Wata huɗu na yi ina bi da gilashin ƙara girma."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ranar Litinin ɗin da ta biyo baya na zo da ita a aljihu. Na tsaya a ƙofar Manaja. Sai na ce, to in an gyara, me zan riƙa zuwa yi?" Ya gyara zaman filas ɗin da ba abin da ya same shi. "Na ce bari in bari sai wani mako. Ai ba ta cutar da kowa, ina share ta duk Asabar. Ban yi lissafin sababbin mutanen da aka ƙara ba."

Daga can ɗakin injina ƙugin fankoki na shigowa ta ƙasan ƙofa. Wani a teburin gaba yana waya yana ba wata makaranta haƙuri.

"Matar da za a yi wa tiyata," ya ce. "An ji labarinta?"

"An yi mata. An dai jinkirta."

Ya gyaɗa kai. Ya tura mata takardar da yatsa biyu.

"Ki kai masa duka. Har da kwanan watan."

Injiniya ta ninke takardar yadda take, ta mayar cikin aljihun teburin, ta ɗora littafin wayar a kai, ta rufe. Sannan ta juya ga kwamfutarta ta rubuta gyaran yadda ya ce. Ta gwada shi a ƙoshe, ta gwada shi a matse, ta sa a riƙa rushe rukunai ana tsakiyar zagaye, sau dubu ashirin. Injin bai ko yi tari ba. A wurin da ake rubuta wanda ya gano matsala da wanda ya duba gyara, ta sa sunan Kawu a duka biyun. Dogo ya dawo yana sakace, ya leƙa ta kafaɗarta, ya karanta, ya ce, "Kai! Ashe likitan har tiyata yana yi."

Ƙarfe uku suka shiga ofishin Manaja su biyu. Wannan karon ya nuna musu kujeru. Ta yi bayani a taƙaice, ba tarihi. Ta ce akwai wurin da ake kama abu ba a saki, yanzu da layi uku an sa a riƙa saki. Ta ce gyaran farko da ta yi da ya kayar da injinan gaba ɗaya, Kawu ne ya tare shi.

"Wa ya gano asalin abin?"

"Kawu ne ya riga ni."

Manaja ya dubi tsohon da ɗan mamaki, irin kallon da ake yi wa tsohuwar mota da ta tashi a bugu ɗaya. Bai tambayi yaushe ba. Injiniya ta ga leɓen Kawu ya motsa, sai ta yi sauri ta ci gaba da magana a kan yadda za a sa gyaran: saba ta bakwai yau da yamma, sauran kuma ranar Asabar, kowacce a kashe ta a kunna sau ɗaya.

"Daga nan shi ke nan?"

"Daga nan shi ke nan."

Manaja ya juya biro a hannunsa. Mutum ne da ba ya yarda da abin da ya zo da sauƙi.

"Layi uku," ya ce. "Shekara uku muna fama, ki ce min layi uku. A'a. A sa gyaran, amma Kawu ya ci gaba da Asabar ɗinsa. Wata uku tukuna, mu gani. In ya so sai mu zauna mu duba tsarin aikin kowa."

Injiniya ta san amsar da ta dace. In ana kashe injinan duk mako, ba wanda zai taɓa sanin ko gyaran ya yi ko bai yi ba, kuma duk kwashe ayyuka daga saba zuwa saba yana da nasa haɗarin. Ta dubi kalandar da ke bango bayan Manaja, tana ƙirga wata ukun da Kawu zai samu.

"Yallaɓai," Kawu ya ce, "ba a buƙata."

"Na'am?"

"Gyaran daidai yake. In kana so ka tabbatar, barin su za ka yi a kunne ka riƙa duba lambar duk safiya. In ana kashe su ba abin da za ka gani. Kuma duk ranar da na kwashe aikin masu jinin nan zuwa wata saba, sai sun yi minti biyu ba sa samun komai. Ba dalilin a ci gaba da yi musu haka."

Manaja ya dube shi, ya dubi Injiniya.

"Haka ne?"

"Haka ne," ta ce.

"To, shi ke nan. Wannan Asabar ce ta ƙarshe." Ya ja layi a kan wani abu a littafinsa. "Kawu, ka shigo ranar Talata mu yi magana. Sannunku da ƙoƙari."

A baranda ta rage tafiya don ya iso ta. Yana tafe yana shafa bango da yatsu, yadda ya saba tun da idon ya yi nisa.

"Wata uku ya ba ka, Kawu."

"Na ji shi. Kunnena lafiya lau, ido ne ba ya gani."

Suka wuce ƙofar ɗakin injina. Ya ɗan tsaya ya kasa kunne, kamar mai sauraron numfashin wani, sannan ya ci gaba.

"Inna ta ce in tuna maka asibiti ranar Litinin."

"Zan je." Ya kai hannu ya lalubo bayan kujerarsa. "Kar ki faɗa wa uwarki komai. Ni zan faɗa mata, in na ji abin da Talata ta zo da shi. Yanzu je ki kira masu jinin, ki ce musu ƙarfe biyar za mu taɓa injinsu. Kada su ji abu daga sama."